Bunsurun Ƙungiya

Shafi na 19

Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", to ga shi, ku sarara min haka nan. Ke kuma da kika rubuto cewa in Shugaba ba ta ji kunya ba kin daina karantawa, gyara zama 'yar uwa. Yau har ke sai kin rufe fuska.

Ga wanda ya tsince mu a hanya: matan ƙauyen nan sun yi karo-karo sun sayo ƙaton bunsuru mai dogayen kunnuwa, irin wanda 'ya'yansa ke saurin girma su yi tsada a kasuwa. Shugabar ƙungiya ta kafa doka, aka dandaƙe duk ƙananan bunsuran gari, kowace mace ta ɗaure awakinta a gida don kada iri ya gauraya. Bunsurun ƙungiya kaɗai ke zagayawa gida-gida. Ga shekara ta kusa zagayowa, ko akuya ɗaya ba ta ɗauki ciki ba. Mun tsaya a inda mata suka cika tsakar gidan Shugaba da safiyar ranar kasuwa.

*

Yana ɗaure a gindin mangwaro yana tuƙa, ko a jikinsa. Ya yi ɓul-ɓul, wuya ya cika, gashin cinyoyinsa har yana share ƙasa. In ka gan shi sai ka ce shi ya kira taron.

Ma'aji ce ta fara, dama bakinta ba ya jiran izini.

"Ni dai tambayata ɗaya ce, Shugaba. Wannan da muke ta ɗura wa dusa, aiki muka kawo shi ko hutu?"

Mata suka kwashe da dariya.

"Ku dubi tumbinsa don Allah. Ana cewa bunsuru ya je barbara ya dawo da ciki, to ni yau na gani da idona."

Shugaba ba ta yi dariya ba. Tana zaune a kujerar roba, ita kaɗai a sama, kowa na tabarma. Ta bari dariyar ta lafa sannan ta gyara mayafi.

"Kin gama?"

"Na gama, sai amsa."

"Na faɗa, zan kuma faɗa. Bunsuru lafiyarsa ƙalau. Maigidana dillalin dabbobi ne tun wasunku ba su iya ɗaura zani ba. Sau nawa yana duba shi yana ce muku garau yake? Ku da kanku kun gan shi yana bin awakinku. Matsalar tana garkenku. Akuyar da ba ta ƙoshi ba ba ta ɗaukar ciki. Ku ba su busasshen kara da ruwan wanke-wanke, sannan ku zauna jiran tagwaye?"



Can daga gefen randa wata murya ta fito a hankali.

"'Yar nan, ni fa nawa ba su taɓa kwana da yunwa ba."

Gwaggo ce. Ƙanwar mahaifin Shugaba, wadda ta ɗauke ta tana jaririya ranar da uwarta ta rasu, ta raine ta da nonon akuya a cokali. Awaki uku ne duk abin da tsohuwar nan ta mallaka a duniya. Su ne maganinta, su ne takalmin jikokinta. Biyu ta riga ta sayar wa Dillali, mijin Shugaba, a matsayin juya. Ta ukun ce a hannunta yanzu, ta naɗe igiyar a yatsu kamar za a ƙwace.

"Harawa nake ba su," in ji Gwaggo. "Ni nake hana cikina in saya musu dusa. Kuma uwarsu ba ta taɓa tsallake shekara ba."

Shugaba ta ɗauke kai.

"Gwaggo, a cikin taro ba 'yar nan ba ce, Shugaba ce. Awakinki sun tsufa, sun zama juya. Juya kuwa ci kawai take, sai ta cinye mai ita. Biyu kin ji magana. Wannan ma ki miƙa wa maigidana yau kafin ya fita, ya taimaka ya karɓa ko a kuɗin nama ne."

Gwaggo ta sunkuyar da kai.

"To, Shugaba."

Wallahi ni da nake rubutawa sai da na ajiye wayar na yi tagumi. Matar da ta wanke miki kashi!

Ana cikin haka aka ji ƙararrawar keke a ƙofar gida, da wata murya kamar ana kiran wanda ke hayin rafi.

"SALAMU ALAIKUM MASU GIDA! A SAMMA BAƘO RUWA!"

Baba Mai Awartaki ne. Tsoho ne mai yawon ƙauyuka yana dandaƙar dabbobi, sau ɗaya yake leƙo garin a shekara. Kunnensa ya yi nauyi, shi ya sa yake magana kamar kowa ne kurman. Shi ya yi wa ƙananan bunsuran gari aiki bara a wannan tsakar gidan, ranar da Shugaba ta tafi asibiti da ƙaramin ɗanta ta bar wa mijinta ya tsaya a kai.

Ya jingine keke, ya karɓi moɗa, ya kai baki. Sai idonsa ya faɗa gindin mangwaro.

"A'a! Ashe kana nan, ɗan banza!"

Bunsurun da tun safe ko kunne bai kaɗa ba ya zabura, ya ja igiya ya laɓe bayan bishiya yana rawar jiki.

Baba ya tuntsire da dariya har ruwa na zuba a gemunsa.

"Ya gane ni! Wallahi ya gane ni! Kai, masha Allah, ku dubi kitse. Ai ni aikina ba ya ƙarya."

Ma'aji ta miƙe tsaye a hankali.

"Baba, wane aiki?"

"Eh?"

"WANE AIKI?"

"Aiki nawa gare ni, 'yata? Dandaƙa mana. Duk cikin na ranar babu wanda ya wahalar da ni kamar wannan. Sai da na zauna a kansa."

Shugaba ta yi ƙarfin hali ta murmusa.

"Baba, ka ruɗe ne. Wannan bunsurun ƙungiya ne. Na barbara."

"Na me?"

"NA BARBARA!"

Tsohon ya dube ta, ya dubi dabbar, ya sake fashewa da dariya har da tari.

"Barbara? 'Yata, wannan ko sarauniyar awaki kika kawo masa sai dai su gaisa. Taure ne!"

Kafin wani ya hana shi ya kamo ƙafar baya, ya yaye gashin nan mai share ƙasa. Wasu matan suka kau da kai don kunya. Ma'aji kam har da durƙusawa.

"Kun gani? Sun motse. Awartaki ba ya yanka, ba ya fid da jini, jijiya kawai yake murƙushewa, abin ya yi ta shanyewa a hankali. Wanda aka yi wa da girmansa kuma yakan ci gaba da bin awaki, sabo ne kawai, babu komai a ciki. Ku hancinku bai gaya muku ba? Ina warin? Kun taɓa ganin bunsuru ba wari?"

 Duk sun tuna. Da warin ya ɗauke murna suka yi, Shugaba ta ce ai tsafta ce, wankan sabulu da take masa ne. Har tafa mata aka yi a taro.

Ma'aji ta matsa dab da kunnen tsohon.

"BABA, MAIGIDAN NAN YA SANI?"

"Ya sani mana! Waya aka yi masa, ya ce min duk wanda na gani a ɗaure in yi masa, ya fita. Ya dawo ya tarar na gama da wannan, sai ya ɗora hannu a ka. Na ce lafiya? Ya ce ba komai Baba, sauka lafiya. Har bakin hanya ya raka ni. Mutumin kirki!"

Idanu suka juyo kan kujerar roba gaba ɗaya.

Shugaba ta ji kamar an tuɓe ta a tsakiyar kasuwa. Kunya ta rufe ta tun daga tafin ƙafa har tsakar ka. Da ƙasa za ta tsage da ta gode mata. Ta miƙe.

"Ku... ku ba ni minti kaɗan."

"Ɗauki har awa," in ji Ma'aji. "Mun yi jiran shekara, wannan ba zai kashe mu ba."

*

Dillali yana ɗakinsa a bakin gado, ya sa rigar kasuwa, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Tagar a buɗe take. Ba sai an gaya masa komai ba.

"Ka ji?"

"Na ji. Tsohon nan bakinsa ba linzami."

"Gaskiya ne?"

"Rufe ƙofar."

"Baban yara, gaskiya ne?"

"Na ce ki rufe ƙofar!"

Ta rufe, ta jingina da ita.

Wayarsa ta hau ruri. Ya duba, ya katse.

"Kuskure ne," ya ce. "Allah ya sani kuskure ne. Ke kika ɗaure shi a inda aka ɗaure sauran, ni kuma na manta ban raba ba."

"Shi ne ka yi shiru?"

"In ce me? Bunsurun da kuɗinsa ya kusa na saniya, wa za a ce ya biya? Kuma wa zai ƙara kiranki Shugaba? Asirinki na rufa."

"Asirina? Ka tsaya a gaban matan nan kana shafa bayansa kana cewa garau yake! Ni kuma ina bayanka ina hura hanci!"

"Rage murya."

"Na zagi kiwon mutane. Na ce musu ƙazamai, na ce musu marowata. Yanzun nan na gama yarfa Gwaggo a gaban 'ya'yan cikinta."

Wayar ta sake ruri. Ya yi tsaki ya kashe ta gaba ɗaya, ya wurga kan gado.

Sai wani tunani ya zo mata, wanda ya fi na farko muni. Ta dube shi sosai.

"Awakin da ka saya a hannunsu fa?"

Ya sunkuya yana sa takalmi.

"Ka ce min mahauta kake kai wa."

Ya ci gaba da gyara takalmin.

"Baban yara, ina awakin mutane?"

"Suna gona."

"Wace gona?"

"Ta bayan rafi. Na kewaye musu wuri."

"Suna me a can?"

Ya ɗago. Abin da ya ba ta tsoro shi ne babu kunya a idonsa, sai gajiya irin ta wanda aka tilasta wa yin bayani.

"Akwai wani ɗan bunsuru a can. Ƙarami, baƙi, mummuna, wari kamar ya kashe mutum. Amma ya san abin da ya kawo shi duniya."

Ta dafe ƙirji.

"Sun ɗauka?"

"Duka."

"Har na Gwaggo?"

"Su suka fara."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Ta sulale ta zauna a ƙasa.

"Tsaya ki ji, ke kiwo kika sani, ba ki san kasuwa ba. Juya mahauci ne kaɗai mai sayenta, shi kuwa nama yake aunawa da ido, ya taya yadda ya ga dama. Amma akuya mai tsohon ciki, hantsa ta sauko, mai saye uku yake gani a igiya ɗaya. Kuɗinta ninki ne har da ɗori. Ban shirya haka ba. Ta farko don tausayi na saya, na ce kada a yanka lafiyayyar akuya a banza saboda kuskurena. Da na ga ta ɗauka, sai na ga ai faɗuwa ta zo daidai da zama."

"Wannan sata ce."

"Ciniki ne. An taya, an sallama."

"Sata ce wallahi! Ka san ba juya ba ne!"

"To tsaya." Ya nuna ta da yatsa. "Ni na taɓa buɗe baki na ce wa wata ta sayar? Ko sau ɗaya? Ke kike hawa kujera ki ce juya ce, a rabu da ita. Ni dai a ƙofa nake tsayawa, su kawo min da hannunsu."

Maganar ta shige ta kamar allura. Ai gaskiya ce.

"Kuma ɗaga kanki ki dubi rufin ɗakin nan. Daminar da ta wuce kin tara kwano a kan gado? Maganin yaron nan da kike cewa Allah ya rufa asiri, daga sama kika zaci yake faɗowa? Tare muka ci, Shugaba. Ke dai ba ki tambayi mai dafawa ba."

Hawaye suka zubo mata. Ba na tausayin kai ba ne, na ƙyamar kai ne. Ta tuna yadda ta riƙa nuna wa baƙi sabon rufin tana cewa albarkar tsari ce.

Daga waje muryar Ma'aji ta taso.

"Shugaba! Ko mu shigo mu taya ku?"

Dillali ya durƙusa a gabanta, ya sassauta murya.

"Saurara. Ki fita ki ce kuskuren tsoho ne. Kurma ne, an ce masa ƙanana ya haɗa da babba. Ni ma yau na ji, kamar kowa."

"Baba fa ya ce ka ɗora hannu a ka."

"Ki ce ciniki ne ya ɓace min a waya. Wa zai kama maganar kurma ya bar taki?"

"Awakin fa?"

"An yanka. Tuni. Yanzu haka mota tana gona tana kwasar masu nauyin, na gaya wa direba ya bi ta baya ya wuce kasuwar birni, kada ya kuskura ya shigo gari. Sauran gobe in matsar da su. Shi ke nan, an wuce wurin."

"In na ƙi fa?"

Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa.

"Sai ki fita ki ce musu uban 'ya'yanki ɓarawo ne. Gobe 'yarki ta je ɗibar ruwa ki ji sunan da za a kira ta. Ni kuma na gama kasuwa, don dillali ba shi da haja sai amana, ranar da aka ce ya ci ta ko igiyar kaza ba mai miƙa masa. Sai ki gaya min abin da za mu ci."

Ya buɗe mata ƙofa da kansa.

*

Ba ta iya komawa kan kujerar ba. A tsaye ta tsaya, idonta a kan yatsun ƙafarta.

Baba Mai Awartaki yana zaune a kan turmin da aka kifa a gefe, hula a hannu. Wata ta yi masa ihu a kunne har ya fahimci ɓarnar da aka yi, duk jikinsa ya mutu.

"Muna jinki," in ji Ma'aji.

Shugaba ta buɗe baki. Ku da kuke karantawa na san kuna cewa faɗi gaskiya, faɗi gaskiya. Ni ma haka na so.

"Kuskure ne," ta ce. "Maigidana ya ce wa Baba ƙanana kawai. Baba bai ji ba. Maigidana ma... shi ma yau ya sani."

"Hannun da ya ɗora a ka fa?"

"Wani ciniki ne ya ɓace masa a waya. Baba ya fassara yadda ya ga dama."

Aka juya ana kallon tsohon. Shi kuwa bai ji ko kalma ɗaya ba. Ganin Shugaba ta ambace shi, ya ɗauka kare shi take, sai ya ɗaga mata hannu biyu yana gyaɗa kai.

"Na gode 'yata. Allah ya yi miki albarka."

Da mari ya yi mata da ya fi mata sauƙi.

Surutu ya kaure. Wata na cewa tsoho ya biya, wata na cewa da me zai biya, da keken? Ma'aji dai ta harɗe hannu tana kallon tagar ɗakin Dillali.

Gwaggo ta taso da kyar, tana jan akuyarta, ta zo gaban Shugaba.

"'Yar nan... au, Shugaba."

"Gwaggo, don Allah ki ce 'yar nan."

"To 'yar nan. Ni ba ruwana da wanda ya yi kuskure, kowa yana yi. Amma tunda awakina ba juya ba ne, ki roƙar min mijinki ya mayar min da su. Abin da ya ba ni zan nemo masa, ko zannuwana ne in sayar. Ni na karɓi haihuwarsu da hannuna. Tun da suka tafi ban yi barcin kirki ba."

Shugaba ta saci kallon ɗakin mijinta. Ta san a bayan taga akwai mai saurare. Ta san 'yarta tana ɗaki tana jin komai.

"Gwaggo..."

"Na'am."

"An yanka su."

Tsohuwar ta dube ta. Leɓenta ya motsa.

"Duka biyun?"

"Duka. Tun a makon da ya saya."

Gwaggo ta gyaɗa kai a hankali. Hawaye ya bi layin fuskarta ya sauka, ta sa bakin mayafi ta share. Sai ta ga Shugaba ma kuka take, kuka sosai har kafaɗa na rawa. Nan take ta manta da nata, ta saki igiya ta rungume ta.

"Haba, haba. Yi shiru. Ba laifinki ba ne. Kwanansu ne ya ƙare."

"Gwaggo ki bari..."

"Ba zan bari ba." Ta juya ga matan, muryarta ta yi ƙarfi irin yadda ba a taɓa ji ba. "Ku saurara. Na ga wasu na kallon 'yata a karkace. Ni na raine ta, na san abin da na zuba a ciki. Tana da zafin baki, wannan na yarda, amma ba ta ƙarya. In ta ce ba su sani ba, to ba su sani ba. Duk mai shakka ta zo ta same ni."

Ma'aji ta sauke hannu.

"Shi ke nan Gwaggo. Don ke."

Shugaba ta so ta ƙwace jikinta ta ruga, amma hannun tsohuwar na bayanta yana bubbugawa, irin bugun da ake yi wa jariri.

Sai ga ƙarar hon ɗin mota a ƙofar gida. Ba sau ɗaya ba, an danne shi ne ba sakewa.

Wani mutum ya faɗo tsakar gida ko sallama babu, gumi sharkaf, hannunsa duk yauƙi da jini.

"Ina Dillali? Ina Dillali? Tun daga gona nake kiransa, ya kashe waya!"

Ganin taron mata ya ɗan ja baya, amma ruɗewa ta fi ƙarfinsa.

"Ni direbansa ne. Ɗaya daga cikin awakin ce naƙuda ta kama a mota, gargadar hanya ce ta tayar mata. Ƙafa ɗaya ta leƙo ta maƙale, na ja na kasa. Ya ce kar in shigo gari, amma in ta mutu a hannuna ni zai kama. Don Allah akwai wadda ta iya?"

"Waɗanne awaki?" in ji Ma'aji.

"Nasa mana, masu cikin. Ga su nan cike da mota."

Ƙofar ɗakin Dillali ta buɗe da ƙarfi.

"Kai! Fita! Ja motar nan ka..."

Ina! Mata sun riga sun yi waje kamar an buɗe wa ruwa hanya. Gwaggo ce a gaba, don duk garin in akuya ta sha wuya wurin haihuwa ita ake kira. Ko takalmi ba ta tsaya sawa ba.

Shugaba ta bi su tana dafa bango. A bakin ƙofa ta tsaya.

Motar kaya ce mai buɗaɗɗen baya. Awaki a tsaitsaye, cikkuna sun yi gefe-gefe, hantsa kamar ta fashe.  Sai wata ta yi ƙara.

"Wannan ai tawa ce!"

"Ga tawa can a lungu! Juyar da na sayar!"

"La ilaha illallah, Ma'aji, dubi jar taki!"

Awakin ma sun ji muryoyin da suka sani, suka ɗauki kuka gaba ɗaya suna turereniya zuwa bakin mota.

Direba ya kama hannun Gwaggo ya hau da ita. Mai naƙudar na kwance a kan buhu, ta miƙe wuya, ido ya juye. Gwaggo ta durƙusa, ta kai hannu za ta shafa ta, sai hannun ya tsaya a iska.

Ta daɗe a haka.

Sannan ta yi ɗan sautin da take kiran awakinta da shi in za ta ba su dusa. Akuyar ta ɗago kai da kyar, ta amsa, ta cusa baki a tafin hannunta.

Hayaniyar mata ta tsaya. Kowa ya gane.

Gwaggo ba ta yi salati ba, ba ta yi kuka ba. Ta naɗe hannun riga har gwiwar hannu, ta ce a miƙo mata ruwa da sabulu. Ta wanke hannu a nutse. Sannan ta ɗaga kai, ta bi fuskokin da ke wurin ɗaya bayan ɗaya har ta samu wadda take nema a bakin ƙofa.

"Shugaba."

Shugaba ta ɗago kai.

"Hawo ki riƙe min kanta. Wadda aka yanka ce za ta haihu."